Diyyar ciwon kwatangwalo ga tsohon sojan Amurka da ya dawo gida Garwa

Wata baiwar Allah ce ta rubuto daga Garwa. Ta ce maigidanta ya tafi Amurka da bizar nan ta ƙuri'a, ya shiga rundunar sojan ƙasa ya yi shekara shida, kuma a wajen wani atisaye ya faɗo daga bayan motar soja ya bugu a kwatangwalon dama, har aka rubuta hakan a takardunsa na asibitin bariki. Bayan an sallame shi ya dawo gida, sannan ya nemi diyyar naƙasa daga ma'aikatar kula da tsoffin sojoji, wadda ake kira VA. Wata takwas da suka wuce wasiƙa ta zo cewa an ba shi kashi 10 cikin 100 na ma'aunin naƙasa a kan kwatangwalon dama, an kuma ƙi na hagu baki ɗaya, alhali a yanzu na hagun ne yake hana shi barci. Tana tambaya ko akwai sauran magana bayan wannan wasiƙa, ko zamansu a Kamaru ne ya jawo aka rage masa, kuma ko ya dace su biya wani kamfani da ya yi musu alkawarin ƙarin kaso.

Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya, ya kuma saka miki da alheri a kan jinya. Akwai sauran magana, kuma mai yawa, amma kafin ki ci gaba da karanta wannan amsa ina so ki ɗauko wasiƙar ki dubi kwanan watan da aka buga a samanta. Daga wannan rana ake lissafin shekara guda da doka ta ba shi ya nemi a sake duba hukuncin, ba daga ranar da wasiƙar ta iso hannunku ba. In ta yi sati shida a hanya, to sati shidan nan sun fita daga rabonku. Idan lissafinki daidai ne, abin da ya rage muku bai wuce wata huɗu ba, kuma neman likita da fassarar takardu da tafiya Yawunde za su iya cinye wata huɗun nan ba ku ankara ba. Wucewar shekarar ba ta rufe ƙofa har abada, domin ana iya sake kawo sabuwar hujja a kowane lokaci, sai dai kuɗin baya ne yake salwanta: wanda ya motsa cikin shekarar, in ya yi nasara, za a biya shi tun daga ranar da buƙatarsa ta farko ta fara aiki, wanda kuwa ya makara sai daga ranar da ya sake shigar da takarda.

Game da zaman Kamaru, ki kwantar da hankalinki. Na san inda wannan tsoro ya samo asali. Duk wanda ya tashi a Garwa ko Marwa ko Njamena ya ji labarin dattawan da suka yi wa Faransa soja, waɗanda aka daskarar musu da fansho bayan samun 'yancin kai, abokan yaƙinsu Faransawa suna karɓar ninkin-ba-ninkin abin da suke karɓa, ba a daidaita abin gaba ɗaya ba sai a 2011. Tsarin Amurka bai bi wannan hanya ba. Kuɗin kashi 10 na mai zama a Garwa daidai yake da na mai zama a Teksas. Abin da nisa yake ragewa shi ne sauƙin samun gwaji mai kyau da sauƙin samun saƙo a kan lokaci, kuma a nan ne nake zargin matsalarku take.

Akwai wata kalma da ya kamata mu warware tun da wuri. Mu a Hausa mutum yakan dafa bayansa ya ce ƙugunsa ke ciwo, ya dafa gefen cinya ya ce ƙugu, wani ya ce kwankwaso, duk abu ɗaya. A wajen VA kuwa ƙasan gadon baya dosiye ne daban, gaɓar kwatangwalo dosiye ne daban, kowanne da ma'auninsa. Ciwon da yake fitowa daga gaɓar kanta yawanci a gaba ake jin sa, inda cinya ta haɗu da mara, wani lokaci ya sauka har gwiwa, kuma yana tsananta in an zo sa takalmi ko shiga mota. Wanda yake tasowa daga baya ya bi ta ɗuwawu ya gangara har ƙasan gwiwa da jin kamar ana tsira allura, sau da yawa jijiyar baya ce. Ki tambayi maigida ya nuna miki wurin da yatsa. In duka biyun ne, to akwai buƙata ta uku da ba a taɓa shigarwa ba.

Yanzu ga yadda aka kai ga kashi 10. VA ba ta auna zafin ciwo kai tsaye, motsin gaɓa take aunawa, da wani ma'auni mai hannu biyu kamar na ɗaliban lissafi, kuma komai yana rubuce a sashe na 4.71a na kundin ƙa'idojinta. Lafiyayyen kwatangwalo yana naɗe cinya zuwa ƙirji har digiri 125, yana kuma ware ƙafa zuwa gefe har digiri 45. Kowace matsala tana da lambarta a jadawalin sashen. A lamba ta 5252, sai naɗewar ta tsaya a digiri 45 ake ba da kashi 10, in ta tsaya a 30 kashi 20, a 20 kashi 30, a 10 kuwa kashi 40. Domin ki gane tsananin wannan ma'auni, ki tuna cewa mai zaune a kan kujera ya naɗe cinyarsa kimanin digiri 90. Ke nan mutum zai iya kasa tsuguno a bayan gida, ya kasa sujada, ya koma yin salla a kan kujera a gefen sahu, amma in aka sa masa ma'auni a samu digiri 80, wanda a jadawalin nan bai kai ko kashi 10 ba. A ganina wannan jadawali an tsara shi ne ga mutanen da rayuwarsu take kan kujera da gado mai tsayi, ba ga waɗanda suke ci a kan tabarma suna kai goshi ƙasa sau da dama a yini ba. Sai dai shi ne doka, da shi za mu yi aiki. Abin da ya fi yiwuwa shi ne kashi 10 ɗin maigida ya fito ne daga sashe na 4.59, wanda ya ce gaɓar da take ciwo wajen motsi tana da haƙƙin mafi ƙarancin kaso ko da awon bai kai ba. Ki duba wasiƙar, za ki ga an ambaci dalilin.

To amma naɗewa ba ita kaɗai ake aunawa ba, kuma a nan ne mutane da yawa suke barin haƙƙinsu. Lamba ta 5251 tana ba da kashi 10 in miƙa ƙafa zuwa baya ya tsaya a digiri 5. Lamba ta 5253 tana ba da kashi 20 in mutum ba ya iya ware ƙafar fiye da digiri 10, kashi 10 in ba ya iya harɗe ƙafa ɗaya a kan ɗaya, ko kuma in ba ya iya juya tafin ƙafarsa waje fiye da digiri 15. Ana iya ba da kaso daban-daban a kan naɗewa da miƙewa da warewa a kwatangwalo guda, in dai kowanne ya kai nasa ma'aunin. Ki lura da shi gobe in zai hau moto: shin yana ɗaga ƙafar ya tsallaka sirdi kamar kowa, ko sai mai moton ya karkata masa, ko kuwa ya kama wandonsa da hannu ya ɗaga cinyar? Wannan ita ce warewar da lamba ta 5253 take magana a kai. Ki lura ko yana iya tanƙwashe ƙafa a kan tabarma in an kawo tuwo, ko sai ya miƙe ƙafar ya jingina da bango. Waɗannan abubuwa da kike gani kullum har sun daina ba ki mamaki su ne ainihin abin da ake biya a kansa.

Daga nan sai maganar gwajin da aka yi masa, kuma zan daɗe a kanta domin a nan dosiye da yawa na mutanenmu suke lalacewa. An tarbiyyantar da mu a kan dauriya. Namiji ba ya raki, balle wanda ya yi soja, balle kuma a ƙasar da Fulani suka koya wa kowa cewa nuna jin zafi abin kunya ne. Na taɓa zama a gefe ana gwada wani tsohon soja wanda na ga yadda ya sha wahala kafin ya fito daga mota. Mai gwajin ya tambaye shi yaya jiki, ya ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Aka ce ya kwanta ya ɗaga gwiwa zuwa ƙirji. Na ga ya cije leɓe tun ƙafar ba ta yi nisa ba, gumi ya keto masa a goshi, amma ya ci gaba da jan ta har inda ƙarfinsa ya ƙare, bai ce uffan ba. Mai gwajin ya karanta ma'auninsa ya rubuta lambar ƙarshe. Bai yi ƙarya ba, abin da aka nuna masa ya rubuta. Gaisuwar da mutumin ya amsa bisa ladabi ita ma ta shiga rahoto a matsayin bayanin majiyyaci.

Ƙa'ida ta tanadi fiye da haka. Mai gwaji ya kamata ya rubuta inda ciwo ya fara, ya sa a maimaita motsin aƙalla sau uku a ga ko ya ragu. Kotun ɗaukaka ƙara ta tsoffin sojoji ta yanke a shari'ar Correia a 2016 cewa a gwada gaɓa in mutum ya motsa ta da kansa da in an motsa masa, da nauyi a kanta da kuma ba nauyi. A shari'ar Sharp a 2017 kuma ta ce ko da ranar gwaji ta faɗo a ranar sauƙi, wajibi ne mai gwajin ya tambayi yadda abin yake in ciwon ya motsa, ya kuma ƙiyasta yawan motsin da ake rasawa a irin waɗannan ranaku, ba ya ce ba zai iya sani ba kawai ya wuce. Saboda haka in an sake kiran maigida, ya faɗi inda zafin ya kama shi a daidai lokacin da ya kama shi. Ya bayyana yadda safiyar hunturu take, da yadda yake kwana bayan doguwar tafiya a mota, da sau nawa a wata yake kasa fita masallaci, da kwana nawa abin yake ɗauka kafin ya lafa. Kada kuma ya ƙara gishiri. Masu gwajin nan suna kallon yadda mutum ya shigo da yadda ya zauna ya cire takalmi, kuma in suka rubuta cewa abin da ya nuna a kan gado ya saɓa wa abin da suka gani a bakin ƙofa, wannan jimla ɗaya za ta bi dosiyensa shekara da shekaru.

Ku nemi kwafin rahoton gwajin farko. Ana nema da fom mai lamba 20-10206, sai dai yakan ɗauki watanni, alhali wakilin da VA ta amince da shi yana iya buɗe dosiyen a kwamfuta ya karanta muku a rana ɗaya. Rahoton nan shi zai nuna ko an tsallake tambayar harɗe ƙafa ko ta ranakun tashin ciwo.

Sai kwatangwalon hagu, wanda shi ne babbar maganar. Kafin VA ta ɗauki alhakin wani ciwo tana neman abu uku: ciwon da yake nan a yanzu, abin da ya faru a lokacin aiki, da kuma igiyar da ta ɗaure su biyun. Wasiƙar hukunci takan jera abubuwan da aka amince da su, kuma waɗannan sun zauna, ba sai an sake kawo hujja a kansu ba. Ina kyautata zaton an amince cewa yana da ciwo a hagu, an ƙi ne domin takardun bariki ba su ambaci hagu ba. In haka ne, kada ku ɓata lokaci kuna neman tabbatar da cewa ya bugu a hagu ranar da ya faɗo, in dai bai bugu ba. Sashe na 3.310 ya buɗe wata hanya: duk ciwon da wani ciwo da aka riga aka amince da shi ya haifar, ko ya tsananta, shi ma ana biyan diyyarsa. Hujjarku ita ce shekarun da ya yi yana ɗingishi yana jibga nauyinsa a hagu domin ya sauƙaƙa wa dama. Akwai kuma wata ƙa'ida ta daban ga amosanin gaɓa: in ya bayyana har ya kai kashi 10 cikin shekara guda bayan sallama, ana ɗaukarsa a matsayin na aiki ba tare da neman wata igiya ba. Don haka in akwai tsohon hoton ƙashi, wanda muke kira radiyo, da aka ɗauka a shekarar farko bayan dawowarsa, ki tono shi ko yana ƙasan akwati.

Ba zan ɓoye miki ba, hujjar ɗingishi ba a karɓarta da sauƙi. Likitocin da VA take turawa sukan rubuta cewa ciwon gaɓa ɗaya ba ya lalata ta ɗaya gefen sai in tafiyar mutum ta karkace sosai na tsawon lokaci, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Amsar wannan ba ta wuce a nuna cewa tafiyar tasa ta karkace ɗin ba, kuma tun yaushe. Kuna bukatar wasiƙa daga likitan ƙashi wanda ya duba shi da hannunsa, ya kalli tafiyarsa, ya auna tsawon ƙafafun biyu, ya karanta takardun bariki da hotunan ƙashi, ya kuma faɗa a rubuce cewa ya karanta su. Ba a neman likitan ya rantse. Ma'aunin VA shi ne rabi da rabi: in yiwuwar cewa dama ce ta jawo hagu ta kai yiwuwar cewa ba ita ba ce, doka ta ce a ba tsohon soja rinjaye. Likitocinmu da suka yi karatu da Faransanci sukan rubuta cewa mai yiwuwa ne akwai alaƙa, su tsaya a nan, kuma irin wannan lafazi VA ba ta ɗaukarsa hujja. Ya rubuta a fili cewa yiwuwar ta kai kashi 50 cikin 100 ko ta fi, sannan ya kawo dalilinsa, domin wasiƙar da ba ta da dalili ba ta da nauyi ko da hatimi goma ne a kanta. Ya amsa tambaya biyu dabam-dabam, wato ko dama ce ta haifar da ciwon hagu, da kuma ko ta ƙara tsananta shi. Ku aika da asalin Faransancin tare da fassarar Turanci mai kyau.

Wasiƙar za ta fi ƙarfi in likitan ya fuskanci sauran dalilan da za a iya kawowa, maimakon ya yi kamar babu su. Biyu daga ciki sun shafe mu musamman. Na farko sikila, wadda take toshe ƙananan hanyoyin jini har kan ƙashin cinya ya mutu ya rufta, kuma duk likitan da ya ga ɗan Afirka ta Tsakiya da lalataccen kwatangwalo zai yi tunaninta. A yi gwajin jini a san matsayinsa. Na biyu ƙwayoyin nan irin su deksametazon da ake sayarwa a kan tebur a kasuwa, waɗanda masu ciwon gaɓɓai suke sha domin suna kwantar da zafi nan take. Yawan shansu na tsawon lokaci yana kashe kan ƙashin cinya kamar yadda sikila take yi. In maigida yana shan irinsu, ya gaya wa likita gaskiya, kuma kada ya yanke su rana ɗaya ba da shawarar likita ba, domin yankewar farat ɗaya tana da nata haɗarin. In kuma shekarun nan wajen maɗori ko mai maganin gargajiya yake zuwa, ba laifi ba ne a wajen VA, illa dai maɗori ba ya ba da takarda, sai dosiyen ya nuna kamar mutum ya yi shekara biyar lafiya lau.

Wannan giɓi ke ce za ki cike shi, Hajiya. Dokar VA tana karɓar shaidar wanda ba likita ba a kan abin da ido yake gani, kuma akwai fom na musamman, 21-10210. Kada ki rubuta sunan cuta, wannan aikin likita ne. Ki rubuta abin da kika gani da lokacin da kika fara ganinsa: shekarar da ya dawo yana jan ƙafar dama, azumin da ya fara yin tarawihi a zaune, ranar da aka kira magini ya sa masa masai na zama domin tsuguno ya gagara, yadda dunduniyar takalminsa ɗaya take riga ɗaya cinyewa, sau nawa yake tashinki da dare domin ya kasa juyawa. Limamin unguwa ko abokin da suke sahu ɗaya zai iya rubuta nasa. In yana da abokin aikin soja da ya ga faɗuwar ko ya ga yana ɗingishi a bariki, shaidarsa tana da daraja ƙwarai.

Hanyoyin neman sake duba hukunci uku ne tun daga 19 ga Fabrairu 2019, lokacin da sabon tsarin ɗaukaka ƙara ya fara aiki. Ta farko ita ce a nemi wani babban jami'i ya sake karanta dosiyen yadda yake, da fom 20-0996. Ba a ƙara ko takarda ɗaya, amma ana iya neman ganawa ta waya sau ɗaya domin a nuna masa inda aka yi kuskure, kuma in ya ga gwajin farko bai cika ba yana iya mayar da dosiyen a sake gwaji. Ta biyu ita ce ƙarin buƙata da sabuwar hujja mai alaƙa da batun, da fom 20-0995. Ta uku ita ce kai ƙara gaban hukumar alƙalan tsoffin sojoji da ke Washinton, da fom 10182, inda mutum zai zaɓa ko alƙali ya duba abin da ke ƙasa kawai, ko a ba shi kwana 90 ya ƙara hujja, ko a saurare shi, wanda ana iya yi ta bidiyo. Bayan hukumar akwai kotu, kuma ita kwana 120 kacal take bayarwa.

Shawarata ita ce ku raba ƙafafun biyu, tunda doka ta yarda kowane batu ya bi hanyarsa, abin da ta hana shi ne a sa batu ɗaya a hanya biyu lokaci guda. Na hagu ya bi hanya ta biyu, domin abin da ya rasa hujja ce, kuma tura shi ga babban jami'i ba tare da wasiƙar likita ba daidai yake da sake tambayar mutum abin da ya riga ya amsa. Na dama kuwa ya danganta da abin da rahoton gwaji ya nuna. In an tsallake abubuwan da na ambata, hanya ta farko ta dace. In gwajin ya cika amma kuna da sabon awo daga likitanku da ya saɓa masa, hanya ta biyu. In kuma gaskiyar magana ita ce ciwon ya ƙaru ne bayan hukuncin, to wannan ba ɗaukaka ƙara ba ce, sabuwar buƙatar ƙarin kaso ce da fom 21-526EZ. Hukumar alƙalai ku ajiye ta a matsayin mataki na gaba, domin jiranta yakan wuce shekara, wani lokaci da nisa, kuma muddin kuna motsawa cikin shekara guda bayan kowane hukunci, ranarku ta farko tana nan a tsare.

Game da kuɗi, kada ku yi lissafin kasuwa. A wajen VA goma da goma ba ashirin ba ne kai tsaye: ana cire kashi 10 daga 100 ya rage 90, sannan a cire kashi 10 na 90 ɗin, jimla ta zama 19. In ciwon ya shafi ƙafafu biyu ana ƙara ushirin wannan jimla, ta kusa 21, sannan a mayar da ita ga goma mafi kusa, wato 20. A jadawalin da ya fara aiki a Disamba 2024, kashi 10 ya kasance dalar Amurka 175.51 a wata, abin da ya kai wajen jaka ɗari na sefa gwargwadon canjin ranar, kashi 20 dala 346.95, kashi 30 kuma dala 537.42 ga wanda ba shi da iyali, kuma daga kashi 30 ne ake fara ƙara wani abu saboda mata da 'ya'ya. Bambancin kashi 10 da 20 a tsawon shekara biyu ya haura dala 4,000, wanda shi ne irin kuɗin bayan da kwanan watan nan na saman wasiƙa yake tsarewa.

Amma ni a wurina amfanin amincewa da na hagu ya fi kuɗin wata. Tsohon soja da ke zaune a wajen Amurka yana da tsarin jinya na ƙasashen waje, ana rajista da fom 10-7959f-1, kuma tsarin yana biyan kuɗin maganin ciwon da aka amince cewa na aiki ne, ba kowane ciwo ba. Yau in likita ya ce sai an canza wa maigida gaɓar hagu da ta ƙarfe, daga aljihunku za a yi. In an amince da ita, akwai inda za ku kai rasit. Ku yi rajistar tun yanzu saboda na dama, ku kuma riƙa adana kowane rasit da takardar magani. In har aka kai ga tiyatar canza gaɓa, lamba ta 5054 tana ba da kashi 100 na wata huɗu bayan watan farko na jinya. Kafin 7 ga Fabrairu 2021 shekara guda ce, shi ya sa za ki ji tsoffin hannu suna faɗin shekara. Bayan nan kason ba ya sauka ƙasa da 30 in gaɓar gaba ɗaya aka canza, yana kuma iya zama 50 ko 70 gwargwadon raunin da ya saura, ko 90 ga wanda bai rabu da sandunan dogarawa ba.

Kamfanin da ya yi muku alkawari kuwa, ku tambaye shi abu ɗaya: shin sunan wanda zai riƙe dosiyen yana cikin jerin wakilan da VA ta amince da su? Jerin yana shafinta na intanet, kowa yana iya dubawa. Dokar Amurka ta hana karɓar kuɗi a kan shigar da buƙatar farko. Bayan hukunci lauya ko wakili mai izini yana iya karɓa, kuma abin da aka saba shi ne kashi 20 cikin 100 na kuɗin baya, in an yi nasara. Wanda ya ce a ba shi ninki biyar na ƙarin da aka samu a wata, ko ya nemi lambar sirrin shiga asusun maigida, ko ya yi alkawarin wani kaso tun bai ga hoton ƙashi ba, ku rabu da shi. Manyan ƙungiyoyin tsoffin sojoji irin su DAV da VFW suna wakilci kyauta, ana naɗa su da fom 21-22.

Abu na ƙarshe ƙarami ne amma ya kayar da mutane da yawa. VA ba ta da ofishin yanki a Afirka, wanda take da shi a wajen Amurka yana Manila ne, saboda haka gwajin masu zama irin ƙasarmu ana shirya shi ne ta hannun kamfanin kwangila ko ta ofishin jakadanci, kuma sanarwar takan zo ta imel ko ta waya. Wanda aka kira bai je ba, ba kuma tare da uzuri karɓaɓɓe ba, ana iya ƙin buƙatarsa saboda wannan kaɗai. Maigida ya shiga asusunsa ya tabbatar lambar wayarsa ta Kamaru ce take ciki, da 237 a gabanta, ba tsohuwar lambarsa ta Amurka ba. Agogonmu yana gaban na Washinton da awa biyar ko shida gwargwadon lokacin shekara, don haka baƙuwar lamba da ta kira bayan la'asar ko bayan isha a ɗauka. In aka sa gwajin a Yawunde, ya gaya wa mai gwajin cewa ya yini a mota daga Garwa zuwa Ngaundare ya kuma kwana a jirgin ƙasa, ya tafi da sandarsa in yana riƙe sanda, da hotunan ƙashi na da da na yanzu, da kwalayen duk magungunan da yake sha.